Arturo Toskanini, madugun makaɗan da ya ƙi yi wa Musolini kiɗa

A filinmu na tarihin shahararrun mutane, wannan mako za mu leƙa ƙasar Italiya domin kawo muku tarihin Arturo Toskanini, wanda ya rasu tun shekarar 1957. Mutumin nan ya yi shekara 68 yana riƙe da wata ƴar siririyar sanda a gaban makaɗa, kuma da ita ya yi suna daga Turai har Amurka. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa, ban da gwanintarsa, shi ne yadda ya tsaya kai da fata a gaban masu mulkin kama-karya guda biyu, Musolini da Hitila, a lokacin da manyan masu fasaha da yawa suka sunkuyar da kai.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu ɗan bayyana sana'ar. A kiɗan Turawa na gargajiya, ƙungiyar makaɗa guda tana iya kai mutum 80 ko 100: masu goge ƙanana da manya, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna. Kowane yana da takardarsa a gabansa, inda aka rubuta rabonsa shi kaɗai. Mutum ɗaya ne ke da takardar da ta haɗa rabon kowa, shi ne jagora, wanda ke tsaye a gaba yana nuna sauri ko nawa, ƙarfi ko taushi, da lokacin da kowa zai shigo. Idan kuma opera ce, wato teyatur ɗin da ake rera dukan maganarsa cikin waƙa, to aikin ya ninka, don kuwa har mawaƙa da ƴan amshi da ke kan dandali shi suke kallo.

An haifi Toskanini ranar 25 ga watan Maris na shekarar 1867 a birnin Parma, arewacin Italiya. Mahaifinsa tela ne, wanda ya taɓa yin yaƙi a rundunar Garibaldi lokacin fafutukar haɗa kan ƙasar. Gidan ba na masu hali ba ne. Yana da shekara 9 aka sa shi lakwal ta koyon kiɗa ta Parma, inda ya koyi babban gogen nan da ake kira selo, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ya fito a 1885 da sakamako mafi kyau.

A 1886 ya bi wata ƙungiyar opera ta Italiya zuwa ƙasar Burazil, a matsayin mai goge kuma mataimakin mai horar da ƴan amshi. A birnin Riyo, cikin watan Yuni, rikici ya ɓarke tsakanin mawaƙa da jagoransu ɗan ƙasar, har ya ajiye aiki. Daren da za a yi wasan Aida na Verdi, ƴan kallo suka yi wa wanda aka sa a madadinsa ihu har ya sauka, na biyu ma haka. Ƙungiyar na gab da rushewa nesa da gida, sai mawaƙan suka tuna da yaron nan mai goge da ya haddace wasan gaba ɗaya. Aka miƙa masa sanda. Yana da shekara 19, bai taɓa jagorancin opera ba, amma ya ja wasan daga farko har ƙarshe da ka. Daga daren nan aka bar masa ragowar wasannin tafiyar. Shi wannan wasa na Aida, labarin wata gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a Masar, kuma a Alƙahira aka fara nuna shi a 1871.

Haddar nan ta zame masa al'ada har ƙarshen rayuwarsa. Idanunsa ba sa gani daga nesa, saboda haka sai ya kusantar da takarda ga fuskarsa ya karanta ta a gida har ta zauna masa, sannan ya fito gaban jama'a ba tare da ita ba.

Da ya komo Italiya, ya sake ɗaukar gogensa don ya kasance cikin makaɗan da suka fara wasan Otello na Verdi a 1887, a gaban tsohon da kansa. Daga nan ya yi ta yawo gari-gari yana jagoranci. Shi ne ya fara fito da Pagliacci na Leoncavallo a Milan a 1892, da La Bohème na Puccini a Turin a 1896, wasanni biyu da har yau ake yi a ko'ina cikin duniya. A 1898, yana da shekara 31, aka ba shi jagorancin La Skala ta Milan, gidan opera mafi daraja a Italiya.

A wancan zamani, gidan opera wurin hira ne da nuna sutura. Fitilu na kunne, mutane na shige da fice, kuma duk waƙar da ta yi wa ƴan kallo daɗi sai su tilasta a maimaita ta, ko da labarin ya tsinke. Toskanini ya sa a riƙa kashe fitilun zaure, ya sa matan da ke zaune a kujerun ƙasa su tuɓe manyan hulunansu, ya hana maimaici, ya kuma hana mawaƙa yin ƙari ko ragi a kan abin da mai wasan ya rubuta. Abin bai yi wa kowa daɗi ba. A 1903 ƴan kallo suka nace sai an maimaita wata waƙa, shi kuwa ya ajiye sanda ya bar gidan, bai komo ba sai 1906. Daga 1908 zuwa 1915 ya yi aiki a gidan opera na Metropolitan da ke Niyok, inda ya fara fito da wani sabon wasan Puccini a 1910 tare da shahararren mawaƙin nan Enrico Caruso.

Hali zanen dutse ne. Toskanini mutum ne mai zafin rai ƙwarai. A wajen gwaji yakan yi wa makaɗa tsawa da zagi, ya karya sanda, ya yi jifa da takardu. Da yawa sun ji tsoronsa, wasu sun ƙi shi. Amma waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa matsin da yake yi wa kansa ya fi wanda yake yi musu, kuma da wuya ya fito daga wasa yana mai gamsuwa da aikinsa.

Yanzu sai mu zo ga siyasa. Bayan yaƙin duniya na farko, a zaɓen 1919, sunan Toskanini na cikin jerin ƴan takarar da Musolini ya tsayar a Milan, lokacin da tafiyar ke alkawarin kawar da sarauta da gyara ƙasa. Ba su ci ko kujera guda ba. Da ya ga ƴan Fasist sun koma duka da kisa da neman mulki ta ƙarfi, sai ya raba gari da su tun kafin su karɓi gwamnati a 1922. Daga nan rigimar ta tsaya a kan abu guda: taken jam'iyyar mai suna Giovinezza, wanda hukuma ke son a riƙa kaɗawa kafin wasa. Toskanini, wanda ya sake riƙe La Skala daga 1921 zuwa 1929, ya ƙi.

Ranar 25 ga Afrilu 1926 aka fara nuna Turandot, wasan da Puccini ya rasu a 1924 bai gama ba. Musolini bai halarta ba, tunda ba za a kaɗa masa takensa ba. A daren nan, da aka kawo daidai inda alƙalamin marigayin ya tsaya, Toskanini ya ajiye sanda, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa nan aikin mai wasan ya ƙare, aka rufe labule.

Ranar 14 ga Mayu 1931, a birnin Bolonya, an gayyace shi wani wasan tunawa da mawallafin kiɗa Giuseppe Martucci, kuma akwai ministan gwamnati cikin manyan baƙi. Aka ce sai ya kaɗa taken, ya ƙi. Gungun ƴan Fasist suka tare shi a ƙofar gidan wasan suka mammare shi, tsoho mai shekara 64. Hukuma ta karɓe fasfonsa, ta sa ido a gidansa, tana sauraren wayarsa, sai da ƙasashen waje suka yi ca sannan aka mayar masa da takardunsa. Daga ranar nan bai sake jagorancin wasa a Italiya ba har shekara 15.

A Jamus ma haka ta faru. A 1930 ya zama baƙo na farko da aka ba jagoranci a bikin Bayreuth, inda ake yin wasannin Wagner kawai, abin da ake ɗauka babbar daraja. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka fara korar makaɗa Yahudawa daga aiki, sunan Toskanini ne a kan gaba cikin masu fasahar da suka aika masa da saƙon ƙin amincewa. Rediyon Jamus ya hana sa faya-fayensa. Hitila ya rubuto masa wasiƙa da kansa yana neman ya zo bikin, bai je ba. Ya koma bikin Salzburg na ƙasar Ostiriya daga 1934 zuwa 1937, amma a watan Fabrairu 1938, da ya ga gwamnatin ƙasar ta fara miƙa wuya ga ƴan Nazi, ya janye, wata guda kafin Jamus ta haɗiye ƙasar. A watan Disamba 1936 ya je Tel Abib ya jagoranci wasan farko na wata ƙungiya da mai goge Bronislaw Huberman ya kafa da makaɗan da aka koro daga Turai, bai karɓi ko sisi ba, kuma a Janairu 1937 ya kai ƙungiyar Alƙahira da Iskandariya. A 1938 aka sake riƙe fasfonsa, da ya same shi sai ya bar Italiya zuwa Amurka.

Mu da muke aikin rediyo, wannan babi na rayuwarsa ya fi jan hankalinmu. A 1937 tashar NBC ta Amurka ta kafa masa ƙungiyar makaɗa sukutum, mutum sama da 90, don wasa a rediyo. An fara watsa shirin daren 25 ga Disamba 1937, lokacin yana da shekara 70, kuma ya ci gaba har shekara 17. Kiɗan da a da sai mai kuɗin tikiti ke ji, ya shiga ɗakunan manoma da leburori kyauta. A watan Yuli 1942, tsakiyar yaƙi, ya watsa wa Amurkawa kiɗan da Shostakovich ya rubuta kan birnin Leningrad da sojojin Jamus suka yi wa ƙawanya. An ɗauko hoton takardun kiɗan ne a ƙaramin fim, aka biyo da shi ta Tehran da Alƙahira kafin ya isa Niyok.

A 1943 bama-bamai suka rusa La Skala. Bayan yaƙi aka sake gina ta, kuma ranar 11 ga Mayu 1946 Toskanini ya komo ya buɗe ta, yana da shekara 79. Ya nemi a maido da Vittore Veneziani, mai horar da ƴan amshi, wanda aka kora a 1938 saboda shi Bayahude ne, aka kuwa maido shi. A 1949 shugaban ƙasa Luigi Einaudi ya naɗa shi sanata na har abada, ya mayar da muƙamin washegari.

Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a ya kasance ranar 4 ga Afrilu 1954 a zauren Carnegie na Niyok, ana watsawa kai tsaye. Cikin wani kiɗan Wagner, haddar nan da ba ta taɓa yaudararsa ba ta ɓace masa na ɗan lokaci, ya tsaya ya rufe idanu da hannu, har masu aikin tashar suka katse suka sa faifai. Ya farfaɗo ya ƙarasa wasan, amma bai sake fitowa ba. A watan Yuni ya shiga ɗakin ɗaukar murya don gyara wasu faya-faye, cikinsu har da Aida, wasan da ya fara da shi. Ya rasu ranar 16 ga Janairu 1957 a gidansa na Riverdale a Niyok, saura wata biyu da ƴan kwanaki ya cika shekara 90, aka kai gawarsa Milan aka rufe.

Taken da ya ƙi kaɗawa bai fi ƴan mintoci ba, kuma abokan sana'arsa da yawa sun kaɗa shi sun ci gaba da cin abincinsu. Shi kuwa ƙin ya jawo masa mari, da barin La Skala da Bayreuth da Salzburg, da tsufa a baƙuwar ƙasa. Gaskiya ne sunansa da dukiyarsa sun ba shi kariyar da ƙaramin makaɗi ba shi da ita. Amma akwai masu suna kamarsa da suka zaɓi zama lafiya da masu mulki, kuma tarihi ya rubuta na kowa. Faya-fayensa suna nan a intanet ga mai son saurare.