James Rennell, Baturen Da Ya Auna Gudun Ruwan Teku

Mutumin Kucheri ko Tsafe ko Bungudu ya iya tambaya, ina ruwan manomi da teku, alhali tsakaninsa da gaɓa ya fi mil 400? Amsa ita ce, iskar da ke kawo mana damina daga kudu maso yamma, ta kan Tekun Atlantika ta ke tasowa, daga ruwansa kuma ta ke ɗauko hadari. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani Bature wanda ya ƙare rayuwarsa wajen binciken yadda ruwan tekun nan ya ke gudana.

An haifi James Rennell a Ingila ran 3 ga Disamba, 1742. Ubansa soja ne, ya mutu wurin yaƙi tun James yana ƙarami. Cikin 1756 ya shiga aikin jiragen ruwa na yaƙi, a can ya koyi safiyo da zanen taswira. Cikin 1767 aka naɗa shi babban mai safiyo na ƙasar Bangal a Indiya, bai ko cika shekara 25 ba. Wani mummunan rauni da aka yi masa a bakin aiki ya taɓa lafiyarsa ƙwarai, har ya ajiye aiki cikin 1777, ya koma gida. Cikin 1778 ya fitar da taswirar gudun ruwan da ke bin ƙarshen kudancin Afirka.

To, yaya mutum zai auna ruwan da ba shi da gaɓa ko alama? Ga dabarar. Kowane jirgi yana da littafin da a ke rubuta saurinsa da inda ya fuskanta kowace rana, daga nan a lissafa inda ya kamata ya kai. Sa'an nan a auna rana ko taurari, a dubi agogo, a san ainihin inda ya ke. In aka sami bambanci, ruwa ne ya ja shi. Misali, jirgin da aka same shi mil 24 gabas da inda lissafi ya nuna bayan kwana ɗaya, ruwan wurin yana gudu gabas mil ɗaya cikin sa'a. Rennell ya yi shekaru yana tara littattafan matuƙa, yana ɗora abin da ke cikinsu bisa taswira. Ya rasu ran 29 ga Maris, 1830. 'Yarsa ce ta buga littafinsa na gudun ruwan Atlantika cikin 1832.

Daga irin wannan aiki aka tabbatar ruwan Atlantika ta Arewa kewaya ya ke yi, kamar hannun agogo. Ya bi gaɓar Amurka ya yi arewa, ya ƙetaro wajen Turai, ya gangaro ta yammacin Afirka, sa'an nan ya koma yamma. Da ya ke kuma kowane lissafi yana da kwanan watansa, masu bincike na baya sun gane gudun ruwa yana sakewa da lokacin shekara. Ruwan da ke bin gaɓarmu zuwa gabas, ta gaban Ikko, ya fi ƙarfi da damina. A lokacin nan ne kuma ruwan saman teku na wannan gefe ya ke yin sanyi, sa'ad da hadari ya ke matsowa arewa zuwa ƙasar Zamfara.

Amma ba za mu ɓoye kuskurensa ba. Shi ya zana taswirar littafin Mungo Park na 1799, ya ɗauka Kwara cikin wani tafki ta ke ƙarewa a tsakiyar Afirka. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, Richard Lander da ƙanensa John suka bi ta da kwalekwale har teku. Inda ya sami rubutattun awo ya dace, inda ya dogara da ji-ta-ji-ta kuwa ya ɓata.

Kayan awo sun sake. Tun 1992 taurarin ɗan'adam suna auna tudun ruwan teku, daga nan a san inda ya nufa. Akwai kuma na'urori wajen 4,000 da a ke kira Argo, su nutse zurfin mita 2,000, su taso bayan kwana 10 su aiko da labari. Duk da haka tushen aikin bai sake ba, watau a auna, a rubuta, a sa kwanan wata.

Wannan abin lura ne ga akawuna da malaman makaranta. Matuƙin da ya rubuta lissafinsa cikin dare bai san wani zai gina ilmi bisa kansa ba. Haka nan mai rubuta awon ruwan sama a Gusau, ko mai riƙe da rajistar 'yan makaranta a Kucheri. Kada ya cika gurbi da ƙiyasi don ya huta, gama bai san wanda zai dogara da shi nan gaba ba.