Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero da Kafuwar Makarantar Shari'a ta Kano

Duk wanda ya bi tarihin alƙalanci a Arewacin Nijeriya, daga Birnin Kebbi har Yola, zai tarar da yawancin manyan alƙalan da suka riƙe kotuna daf da samun mulkin kai da bayansa sun sha daga rijiya guda, watau Makarantar Shari'a ta Kano wadda aka buɗe a 1934. Sarkin da aka kafa ta a zamaninsa, kuma da goyon bayansa, shi ne Alhaji Abdullahi Bayero, na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano.

An haifi Abdullahi Bayero a 1881, a ƙarshen zamanin kakansa, Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya yi karatun allo da na littattafai kamar yadda aka saba wa 'ya'yan sarauta. Yana yaro aka yi yaƙin Basasa wanda ya raba gidan Dabo biyu. Yana da shekara kamar 22 Turawa suka ci Kano a 1903, suka naɗa mahaifinsa, Muhammadu Abbas, sarki. A zamanin mahaifin nasa ya sami sarautar Ciroma, daga baya ya yi hakimci a Bichi. A nan ne ya ga yadda talaka yake tsayawa gaban alƙali a kan gona ko gado ko aure, ya kuma ga yadda ƙarancin sanin mai hukunci yake iya cin haƙƙin marar ƙarfi. Da Sarki Usman na biyu ya rasu a 1926, sarauta ta zo hannunsa.

Farkon mulkinsa ya zo daidai da lokacin da baitulmalin En'e ta Kano ya fi na kowace En'e ƙarfi a Arewa, saboda albarkar gyaɗa da jirgin ƙasa. Da wannan dukiya aka yi manyan ayyuka, kamar jawo ruwan famfo daga kogin Challawa da ba birnin wutar lantarki, aikin da aka buɗe a 1931. Amma gyaran da ya fi damun sarki da mashawartansa shi ne na shari'a.

Matsalar tsohuwa ce a Kano. Tun a farkon jihadi, lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga baya ya zama Sarkin Gwandu na farko, ya sauka a birnin, jama'ar Kano sun nemi ya rubuta musu abin da za su bi wajen gudanar da hukunci, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Bayan shekara ɗari da wani abu, buƙatar ta sake tasowa da wata sabuwar fuska. Turawa sun bar kotunan alƙalai a wurarensu, amma sun hana wasu hukunce-hukunce kamar yanke hannu, sun kuma ba Razdan da Di'o ikon duba littattafan kotu da sake shari'a. Alƙali kuwa a zaure yake karatu. Yakan share shekaru gaban malami guda yana bin Risala da Muhtasar baƙi da fassara, kuma sau da yawa alƙalanci gadon gida ne. Akwai malamai masu zurfin sani ƙwarai a cikinsu, sai dai babu ma'auni guda da za a gane wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba. Duk alƙalin da ya kasa rubuta hujjarsa a tsare, ƙofa ya buɗe wa Bature ya rushe hukuncinsa.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne kafa makarantar alƙalai ta Shahuci a cikin birni, wajen ƙarshen shekarun 1920, a ƙarƙashin Malam Sulaimanu, aminin sarki wanda ya zama Walin Kano. Wazirin Kano Muhammadu Giɗaɗo, masanin shari'a kuma babban mai ba sarki shawara, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan wannan aiki. Amma Shahuci ta Kano ce kaɗai, alhali kuwa matsalar ta game dukan lardunan Arewa. Bugu da ƙari, a 1933 Gwamna Donald Cameron ya kawo sabuwar dokar kotunan gargajiya wadda ta faɗaɗa hanyar ɗaukaka ƙara, ta haka hukuncin alƙali ya ƙara shiga idon lauyoyin Turawa.

A 1934, shekarar da Sarkin Kano ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano. Hikimar da aka yi ita ce ɗauko malamai daga Sudan, a cikinsu har da Shehu Bashir Al-Rayyah. Sudan ƙasa ce ta mabiya mazhabar Malikiyya kamar ƙasar Hausa, tana kuma ƙarƙashin ikon Ingila, ta kuma riga ta kafa sashen horar da alƙalai a Kwalejin Gordon ta Khartum. Saboda haka malaman sun zo da fiƙihun da malaman gida suka yarda da shi, a cikin tsarin da hukuma ta gamsu da shi.

Littattafan ba su sake ba ainun. Abin da ya sake shi ne hanyar koyarwa. Aka raba ɗalibai aji aji, aka tsara lokacin kowane darasi, aka riƙa yin jarrabawa, aka kuma riƙa ba da takardar shaida. Ɗalibi yana koyon Larabci a matsayin harshen da zai yi magana da rubutu da shi, bayan a da iyakarsa fassara wa malami baƙi. En'o'in larduna su ke zaɓo ɗalibai su aiko, in sun gama su koma gida su kama aikin muhuti ko magatakardan kotu, daga nan su hau kujerar alƙalanci. Ba kowa ya yi maraba da wannan ba, domin akwai malaman zaure da suke ganin karatu a kan benci bin Nasara ne. Kasancewar makarantar a inuwar sarki, wanda aka san shi da tsoron Allah da son malamai, shi ya rage ƙarfin wannan zargi.

A 1937 sarki ya tafi aikin Hajji, abin da ya sa Kanawa suke kiransa Sarki Alhaji. A can ne ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, haɗuwar da ta zama mafarin yaɗuwar almajiran Shehun a Kano da sauran ƙasar Hausa.

Shekarar 1947 ta nuna nauyin aikin da ke gaban waɗanda makarantar take yayewa. A wannan shekara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum wanda ya kashe kwarton matarsa. A fiƙihun Malikiyya kisan ganganci ne, amma a dokar Turawa tunzurawa tana sauke laifin daga matsayin da ake kashe mutum a kansa. Hukuncin ya tayar da hankalin sarakuna da alƙalai, ya kuma buɗe muhawarar da ba ta lafa ba sai da aka kafa dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960. A cikin 1947 ɗin ne kuma aka faɗaɗa makarantar, aka sake mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci, ta shiga horar da malaman makaranta tare da alƙalai. Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya gama karatunsa a can a wannan shekara, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, bayan Shehu Awad, wani daga cikin malaman Sudan da suka shugabanci makarantar. Malam Halliru Binji shi ma ɗalibinta ne.

Ba za a ce makarantar ta warkar da dukan ciwon ba. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kotunan alƙalai suna cikin abin da ta fi kuka da shi, domin alƙali ma'aikacin En'e ne, kuma wanda yake biyan albashi yana iya karkatar da hukunci. Ilmi ya gyara sanin alƙali, amma 'yancinsa sai da aka jira har gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960.

Sarki Alhaji ya ga an kammala sabon Masallacin Juma'a na birni a 1951. Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba na 1953, bayan shekara 27 a kan gado. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, wani ɗan nasa kuma, Ado Bayero, ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014.

A harabar Makarantar Nazarin Larabci aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai aka mayar wa kwalejin ta Kano sunan Abdullahi Bayero, ita ce kuma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ɗalibin da yake karatun shari'a a can ya kamata ya san cewa tushen karatun nasa wata ƙaramar makaranta ce da aka kafa domin kada talaka ya tsaya gaban alƙalin da bai san hukunci ba. Allah ya jiƙan Sarki Alhaji, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.