Labarin Aliyu ɗan Muhammadu, Shugaban Zanj

A watan Azumi na shekara ta 255 bayan Hijira, wato 869 ta Miladiyya, bayi suka yi wa daular Abbasiyawa bore a ƙasar Iraƙi. Jagoransu Aliyu ɗan Muhammadu ne, mutum mai ilimi da fasahar waƙa. Ya yi da'awar shi Sharifi ne, amma malaman tarihi da yawa ba su gaskata ba.

Da ya sauka yankin Basra, sai ya tarar da dubban bayi, akasarinsu baƙaƙe, ana ce musu Zanj, suna kankare gishiri daga fadamu domin attajirai su sami gonaki. Aiki ba hutu, abinci kuwa ɗan gari da dabino. Ya rantse musu zai fid da su daga ƙangi, suka yi masa mubaya'a.

Ya gina birnin Mukhtara a tsakiyar fadamun, har ya buga kuɗi da sunansa. Amma a 257 rundunarsa ta ci Basra, ta ƙone masallacin Juma'a, ta karkashe jama'a, ta kama mata da yara bayi. Wanda ya zo kwance igiya, ga shi yana ɗaure waɗansu da ita.

Muwaffaƙ, ɗan'uwan Halifa Mu'utamid, ya yi masa ƙawanya, har aka kashe shi a watan Safar na 270, aka kai kansa Bagadaza. Ɗabari ya kawo labarinsa filla-filla.

To, mai dukiya ya lura: tauye haƙƙin ma'aikaci shi ke haifar da fitina, fitina kuwa in ta tashi ba ta zaɓen gida. Allah ya kiyashe mu, amin.