Sarauniya Amina ta Zazzau a dandalin makaranta

Amina 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar Zazzau. Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, amma wasu masana na ganin a ƙarni na 16 ta rayu. Ta shafe shekara 34 tana yaƙi, tana kewaye garuruwa da ganuwa, har Nupe da Kwararrafa suka riƙa kai mata gandu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa a Atagara ta rasu.

Ɗalibar da ta fito a matsayinta a wasan kwaikwayon makaranta, a Zariya ko Kafanchan, rabin tarihin ta koya. Sauran rabin yana wurin ɗalibin da ya fito a matsayin manomin da aka karɓi gandun daga rumbunsa.