Vlad Dracula: Sarkin Da Almara Ta Mayar Mashayin Jini

Duk wanda ya saba kallon finafinan ban tsoro ya san sunan Dracula, mataccen da ke tashi daga kabari da dare yana shan jinin rayayyu, wanda daga gare shi aka samo tarin labaran zuriyoyin mashaya jini. Sai dai sunan na wani sarki ne da ya rayu a ƙarni na 15 a ƙasar Walakiya, kudancin Romaniya ta yau, kuma tarihinsa ya sha bamban da almarar da ta haɗiye shi.

An haifi Vlad na Uku wajajen shekarar 1431. Mahaifinsa, Vlad na Biyu, ɗan wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ne da Sarki Sigismund na Hangari ya kafa a 1408, mai tambarin dodon maciji. Daga tambarin ya sami laƙabin Dracul, aka kuma kira ɗansa Dracula, wato ɗan Dracul. A harshen Romaniya na yanzu kalmar ta koma nufin shaiɗan.

Walakiya ƙaramar ƙasa ce da ke tsakanin giwaye biyu: masarautar Hangari da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sarkinta kan yi mubaya'a ga wannan, ya yi wa waccan alkawari, don ya tsira da gadon mulkinsa. A 1442 Sarki Murad na Biyu ya riƙe Vlad da ƙanensa Radu a matsayin jingina, domin mahaifinsu ya ci gaba da biyayya. A 1447 aka kashe mahaifin da babban wansu Mircea, bayan jagoran Hangari John Hunyadi ya kutsa ƙasar. A shekara mai zuwa Vlad ya hau mulki da goyon bayan Turkawa, amma ba a jima ba aka kore shi.

Ya dawo a 1456, ya yi shekara shida yana mulki daga birnin Targoviste. A wannan zamani ne ya yi suna da tsire mutane, wato soke su a kan dogayen itatuwa masu tsini a bar su su mutu, har aka laƙaba masa Tepes, ma'ana mai tsirewa. Ya hallaka da yawa daga manyan masu sarautar da yake zargi da cin amanar gidansu, ya kuma kai hare-hare kan garuruwan fataken Jamusawa na yankin Taransilbaniya, musamman kewayen Brasov, saboda rikicin ciniki da mafakar da suka ba masu neman kujerarsa.

Daga baya ya daina biyan haraji ga Sarki Muhammad na Biyu, wanda ya ci Kustantaniyya a 1453, ya kama manzanninsa ya tsire su. A hunturun 1461 zuwa 1462 ya tsallaka Kogin Danub ya yi ɓarna mai yawa, kuma a wasiƙarsa ga Sarki Matthias Corvinus na Hangari shi da kansa ya ƙirga sama da mutum 23,000 da aka kashe, maza da mata da yara. Sarki Muhammad ya fito da babbar runduna. A daren 17 ga Yuni 1462 Vlad ya afka wa sansaninsa da nufin kashe shi, bai yi nasara ba. Wani marubucin tarihi Bagirke na wannan zamani, Chalkokondyles, ya ruwaito cewa rundunar ta tarar da fili cike da gawarwakin mutanen da aka tsire a kusa da Targoviste.

Duk da haka masu sarauta suka juya masa baya suka bi Radu, wanda Turkawa suka tsayar. Vlad ya gudu neman taimakon Matthias, shi kuwa ya kama shi bisa wasu wasiƙu da ke nuna wai ya nemi sulhu da Turkawa a ɓoye, waɗanda yawancin masana ke ganin na jabu ne. Ya shafe sama da shekara goma a tsare. An sake shi a 1475, ya sake hawa mulki a ƙarshen 1476, aka kashe shi a fagen fama cikin makonni kaɗan. Al'ada ta ce an binne shi a gidan ibada na Snagov, amma da aka tona wurin a 1933 ba a sami gawarsa ba.

Maƙiyansa ne suka fara rubuta labarinsa. Tun yana raye labaran muguntarsa suka bazu cikin harshen Jamusanci, kuma daga 1488 aka riƙa buga su a ƙananan littattafai a birane irin su Nuremberg, lokacin da injin ɗab'i yake sabo. Wasu na ɗauke da zanensa yana cin abinci a tsakiyar waɗanda aka tsire. A Romaniya kuwa an daɗe ana tunawa da shi a matsayin sarki mai tsanani da ya hukunta ɓarayi ya kuma tsaya wa ƙasarsa.

Alaƙarsa da matattu masu shan jini ta zo ne bayan shekara 400. Marubucin Ailan Bram Stoker ya tsinci sunan a 1890 a ɗakin karatu na garin Whitby da ke Ingila, cikin littafin William Wilkinson na 1820 kan Walakiya da Moldabiya. Ya goge sunan Wampyr da ya fara ba mugun labarinsa, ya sa Dracula, littafin ya fito a 1897. Stoker bai taɓa taka Taransilbaniya ba, kuma abin da ya sani game da sarkin ɗan kaɗan ne. Camfin matattu masu tashi kuwa tsoho ne a ƙauyukan Gabashin Turai, ba shi da nasaba da Vlad.

A yau masu yawon buɗe ido na tururuwa zuwa Fadar Bran da sunan gidan Dracula, alhali babu hujjar cewa Vlad ya taɓa zama a cikinta. Ganuwar da ya sake ginawa da gaske, Poenari, kufai ce a kan dutse, sai an hau matakala sama da 1,400 kafin a kai gare ta. Dubban mutanen da ya kashe a gaɓar Danub kuwa, ba a cika ambatonsu a finafinan da ke ɗauke da sunansa ba.