William Alfred Fowler

William Alfred Fowler (9 ga Agusta, 1911 – 14 ga Maris, 1995) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya ƙware a nazarin nukiliya da taurari. An fi saninsa da binciken yadda ake samar da sinadarai a cikin taurari. A shekarar 1983 ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks, tare da Subrahmanyan Chandrasekhar.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Fowler a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, amma ya taso ne a garin Lima na jihar Ohio, inda iyayensa suka koma tun yana ƙarami. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Jihar Ohio, ya kammala a 1933. Daga nan ya wuce Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, inda ya samu digirin digirgir a 1936 ƙarƙashin kulawar Charles Lauritsen.

Aikin jami'a

Fowler ya yi dukkan rayuwarsa ta aiki a Caltech, a ɗakin bincike na Kellogg. Ya zama mataimakin farfesa a 1939, cikakken farfesa a 1946, ya kuma yi ritaya a 1982. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojojin Amurka aiki a kan makaman roka. Cikin ɗaliban da ya horar akwai Donald Clayton.

Bincikensa

Tambayar da ta dami masana a wancan zamani ita ce: daga ina sinadarai irin su kabon, oksijin da ƙarfe suka fito? An san taurari suna mayar da haidirojin zuwa hiliyom, amma lissafi ya nuna cewa haɗa ƙwayoyin hiliyom uku su zama kabon abu ne mai wuyar faruwa, domin haɗin biyun farko yakan wargaje nan take. Ke nan bai kamata kabon ya yawaita ba, alhali da shi aka gina jikin kowane abu mai rai.

A 1953 masanin taurari ɗan Ingila, Fred Hoyle, ya ziyarci Kellogg. Ya yi hasashen cewa dole ƙwayar kabon tana da wani matakin kuzari da ba a tabbatar da shi ba, wanda ke sauƙaƙa haɗuwar. Da farko Fowler bai gamsu ba, amma gwajin da Ward Whaling da abokan aikinsa suka yi a ɗakin binciken ya gano matakin kusan inda Hoyle ya ce. Wannan ne ya sa Fowler ya duƙufa ga nazarin taurari.

Ya je Cambridge a 1954, inda ya fara aiki da Hoyle da ma'aurata Margaret da Geoffrey Burbidge. A 1957 su huɗun suka wallafa wata doguwar maƙala a mujallar Reviews of Modern Physics, wadda ake kira B²FH daga harufan farko na sunayensu. Maƙalar ta zayyana hanyoyin da taurari ke bi wajen ƙera kusan dukkan sinadaran da suka fi hiliyom nauyi, da yadda fashewar manyan taurari ke watsa su a sararin samaniya. Gudunmawar Fowler ta musamman ita ce auna saurin waɗannan haɗe-haɗe a ɗakin gwaji, ta yadda za a iya jarraba hasashen da alƙaluma. A 1967 shi da Hoyle da Robert Wagoner sun lissafa sinadarai marasa nauyi da suka samu a farkon sararin samaniya.

Lambobin yabo

Fowler ya samu lambar kimiyya ta ƙasa ta Amurka a 1974, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka a 1976. Kyautar Nobel ta 1983 ta jawo cece-kuce a tsakanin masana, saboda ba a haɗa da Hoyle ba duk da rawar da ya taka.

Mutuwa

Fowler ya rasu a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya yana da shekara 83, sakamakon ciwon ƙoda.