Yakubu Nabame, Sarkin Kabi, 1849-1854

Yakubu Nabame ɗa ne ga Sarkin Kabi Sama'ila Karari, jinin sarakunan nan da rundunar jihadi ta fitar daga Birnin Kabi a shekarar 1805. Da aka kashe mahaifinsa a 1831, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar shi da rai, aka tsare shi a fada. Ya daɗe a can har zuwa zamanin Aliyu Babba, yana fita yaƙi tare da mutanen Sakkwato. An ce ma don ya ceci ɗan Sarkin Musulmi a yaƙin Gobir aka yarje masa komawa gida.

Amma duk wannan zama bai kashe wutar gaba ba. A 1849 ya ja daga a Argungu, ya haɗa kan Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dendawa, waɗanda neman kuɓuta daga Gwandu da Sakkwato ya zame musu buri ɗaya. Ya rasu a fagen fama a 1854.

Bayan shekara 100 cif, wani masanin halayyar jama'a a Amurka, Gordon Allport, ya nuna cewa cuɗanya ba ta rage ƙiyayya sosai sai in ɓangarorin na tsaye a matsayi ɗaya. Shi kuwa Nabame zaman ɗan tsare ya yi. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a matsayin baƙon Sarkin Kabi, aka tabbatar da sulhu.